Kwatar Obalende Da Gubar Ƙarfe

Duk wanda ya bi ta Obalende ya leƙa magudanar MacGregor, wadda aka haƙa a zamanin Gwamna William MacGregor, ya san irin ƙazantar da take kwasa zuwa tafkin Ikko. Jama'a suna kuka da wari, amma abin da ya fi haɗari ba ya wari. Dalmar tsohon batir da jan ƙarfe da tutiya, in sun bi kwata, ba sa ruɓewa. Sukan kwanta a ƙasan ruwa, su shiga kifi, su ƙare a cikin tukunya. Abin da dalma ta yi a Zamfara cikin 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ya isa ishara.

Dabarar tace irin wannan ruwa ba sabuwa ba ce. Tun cikin 1914 Ardern da Lockett suka bayyana ta a Manchester ta ƙasar Ingila. Akan tara ruwan a babban tanki, a haɗa shi da laka mai cike da ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani, a riƙa hura masa iska. Halittun suna cin ƙazantar, suna kuma fitar da wani yauƙi mai haɗa su dunƙule-dunƙule. Ƙarfen da ya narke a ruwa yakan manne wa yauƙin nan, kamar yadda allura take manne wa maganaɗisu. Daga nan sai a bar ruwan ya natsu, lakar ta kwanta da kayanta, a tsiyaye na sama. Akan mayar da wani kashi na lakar cikin tankin don ta ci gaba da aiki.

To, amma fa a lura. Ƙarfen bai ɓace ba, wuri kawai ya sauya. In aka jibge lakar a fili, ruwa mai tsami ya taɓa ta, sai ta saki abin da ta riƙe. In kuwa aka sayar wa masu lambu da sunan taki, gubar za ta koma cikin alayyafo da latas, kuma Hausawa da dama a Ikko da noman lambu suke ci. Bugu da ƙari, ƙarfe in ya yi yawa yakan kashe halittun kansu, tanki ya zama kango.

Saboda haka wajibi ne hukumar LASEPA, wadda aka kafa cikin 1996 don kare muhallin Jihar Ikko, ta tilasta wa masana'antun Ikeja da Apapa rage ƙarfen ruwansu tun daga gida, ta kuma hana fitar da kowace laka sai an auna ta. Sarakunan Hausawa na Obalende da Agege su ma suna da abin yi: su gargaɗi masu cajin batir su daina tuttular da ruwansa a kwata, masu lambu kuma su tambayi asalin takin da aka kawo musu kafin su biya kuɗi.