Kwabon Kaka da Kwanson Bature

Zancenmu na wannan wata a kan tsofaffin sulalla ne, irin waɗanda suke kwance a ƙasan adakar iyayenmu mata a nan Nkomkana da Brikiteri. Akwai kwabo mai huji da anini da sule, waɗanda kakanninmu suka zo da su daga Kano ta hanyar Banyo da Tibati da Yoko, ko kuma daga Bamenda da Kumba inda aka ci kasuwa da sule da kwabo har 1962. Akwai kuma liyari, wato babbar azurfar nan mai hoton sarauniyar Ostiriya. Abin da ya kawo zancen shi ne, samarinmu suna ganin irinsu a wayar hannu, an rufe su cikin wani kwanson roba mai haske kamar gilashi, an sa musu farashi mai tsoratarwa, sai su ɗauka arziki ne yake barci a ɗakin kaka. To, ya kamata mu san mene ne wannan kwanso tun kafin a kai ga ɓacin rai.

Asalin abin daga Amurka ne. Masu sha'awar tara tsofaffin sulalla sun daɗe suna rigima a tsakaninsu: mai sayarwa ya ce kwabonsa fil yake, mai saye ya ce ai ya sha hannu. A 1949 wani likita, William Sheldon, ya tsara ma'auni daga 1 zuwa 70; 1 shi ne kwabon da ya suɗe har da ƙyar ake gane shi, 70 kuwa wanda ba shi da ko ƙwarzane. Amma wa zai ba da makin? Sai aka kafa kamfanin PCGS a 1986, da NGC a 1987. Mutum ya aika musu da kwabonsa da kuɗin aiki, masanansu su duba ko na gaske ne, su ba shi maki, su liƙe shi cikin kwanso tare da lambar rajista, yadda ba ya buɗuwa sai an fasa. In daga baya ya tabbata jabu ne, kamfanin ya ɗauki alkawarin biya. Ta haka mutumin Tokiyo yake sayen kwabo daga Landan alhali bai taɓa riƙe shi ba.

Mu Hausawa ba baƙin wannan dabara ba ne. A kasuwar shanu ko ta goro, fatake ba su san mai saye ba, sai maigida da dillali su tsaya tsakani, sunansu ne jingina. Wanda zai ba da sisin gwal sadaki ma ba ya yarda da idonsa kaɗai, sai ya kai wa maƙerin zinariya ya goga a dutse ya ɗora a sikeli. Bambancin shi ne, dillalinmu mun san gidansa, mun san masallacin da yake salla, in ya ci amana gobe za mu haɗu. Kuma bai taɓa ce wa mai saye kada ya taɓa saniya ba.

Su kansu masu tara sulallan kansu a rabe yake. Masu goyon baya suna cewa kwanso ya rage yaudara, ya kare kwabo daga gumin hannu da faɗuwa, kuma in mai shi ya rasu magada ba za su sayar da dukiya a farashin gyaɗa ba. Wannan hujja ta ƙarshe tana da nauyi, domin mun sha ganin yadda ake yi wa marayu a rabon gado. Masu suka kuwa, musamman a Turai da kuma masu tara kuɗaɗen Rumawa da Girkawa na dā, suna cewa kwabo abin riƙewa ne, a ji nauyinsa, a duba gefensa, a ji ƙararsa. A Faransa dama suna da nasu ma'aunin na kalmomi, irin su TB da TTB da SUP da FDC, kuma da yawa sun fi sakewa da shi duk da cewa PCGS ta buɗe ofis a Faris tun 2010.

Mu da muka yi shekaru muna gyaran takardun yara mun fi kowa fahimtar inda gizo yake saƙa. A ba malamai biyu insha'i ɗaya, wannan ya ba da 12 cikin 20, wancan ya ba da 14, kuma babu azzalumi a cikinsu. Haka makin kwabo yake, ra'ayin masani ne. Sai dai a nan tazarar maki guda, tsakanin 64 da 65 misali, tana iya ninka farashi. Shi ya sa wasu suke fasa kwanson su sake aikawa, ko Allah zai sa a dace da mai sassauci. Har ta kai a 2007 aka kafa wani kamfani mai suna CAC, wanda ya fara da duba makin da waɗancan suka bayar, in ya gamsu ya manna ɗan koren tambarinsa. Wato an samu sufeto a kan sufeto, abin da kowane malami ya sani. Bugu da ƙari, tun wajajen 2008 kamfanonin suke gargaɗi cewa ana buga kwanson kansa na jabu.

Yanzu mu dawo ɗakin kaka. Sarauniya Mariya Tereza ta rasu a 1780, kuma duk liyarin da aka buga bayan nan, a Biyana da Landan da Faris da Rum da Bombai, wannan shekara aka ci gaba da rubuta masa. Sun haura miliyan 300. Saboda haka ganin 1780 ba ya nufin tsufa. Mafi yawansu darajarsu ita ce ta azurfarsu, ko da yake Barth ya tarar ana canjin ɗaya da wuri 2,500 a Kano a 1851. Kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus a shekarar, labarinsa da daɗi amma an buga shi da yawa ƙwarai. Kuɗin aikawa Turai da inshora da ladan kamfani sun fi ƙarfin irin waɗannan. Waɗanda suka cancanci a nuna wa masani su ne 'yan kaɗan da ba su shiga hannu ba sam, kamar kuɗin Kamaru na 1943 mai zakara da aka buga a Firitoriya lokacin yaƙi, in har yana nan da ƙyallinsa na asali.

Akwai kuma wani abu da bai kwanta mana ba. Liyarin da aka huda aka rataya wa amarya, ko aka yi masa kunne don sarƙa, a wurin kamfanonin nan mai aibi ne, ba sa ba shi maki sai dai su rubuta cewa an lalata shi. A wurinmu kuwa wannan hujin shi ne tarihin, shi yake nuna wuyan da ya rataya a kai. Don haka ra'ayinmu shi ne irin wannan ya zauna a gida, a fito da shi a ba yara su riƙe, a gaya musu na wace ce da garin da ta fito. Darasin tarihi guda da kwabo a tafin hannu ya fi shafi goma na allo.

Wanda kuma ya ƙudurta sayarwa, to don Allah kada ya goge da toka ko lemun tsami ko man goge tagulla. Abin da muke kira tsabta su ɓarna suke kiransa, kuma farashi faɗuwa yake. Wanda aka kawo wa kwabo a kwanso ya saya, ya duba lambarsa a shafin kamfanin na intanet, in akwai hoto ya gwada shi da abin da ke hannunsa. Liyari kuwa ba ya buƙatar tafiya ko'ina: maƙerin unguwa ya ɗora a sikeli, na gaske giram 28 ne ko ƙasa kaɗan in ya sha hannu, kuma mayen ƙarfe ba ya kama shi.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.