A Samar Mana Da Ɗakin Karatu A Gyaɗi-Gyaɗi

Malam Edita, 

Da can, a Gyaɗi-Gyaɗi, shagon hayar littattafai ba wuyar samu yake ba. Da 'yan kuɗi kaɗan za ka ɗauki In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ko wani littafi na Balaraba Ramat Yakubu, bango duk ya sha salatif saboda yawon hannu. Shagon da nake zuwa a da, yanzu cajin waya ake yi a cikinsa.

Karatu a gida kuwa sai mai haƙuri. Da bazara zafi ya kore ka daga ɗaki, ga ba wuta. Da damina danshi ya kumbura takarda, gara ta bi ta baya. Hunturu ne kaɗai da ɗan dama, shi ma sai ka yi ta kaɗe ƙura. Laburaren Murtala Muhammad yana nan a titin Ahmadu Bello, amma kuɗin a-daidaita-sahu zuwa da dawowa ya fi ƙarfin ɗalibi.

Ina kira ga masu unguwanni da masu hannu da shuni na Tarauni su ba mu ko da ɗaki ɗaya, da benci da fitilar sola. Littattafan kuwa, mu za mu kawo.

Naku,
Mai karatu daga Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.