TSARABAR MOTAR RIMOT: JAN KUNNE GA 'YAN'UWA MAZAUNA KURMI

Na san wani zai ga kan maganar nan ya ce lalle marubucin nan ya rasa abin faɗi, ana fama da tsadar abinci da kuɗin haya shi kuwa ya ɓuge da zancen motar wasan yara. To, ina roƙon arziki a daure a karanta har ƙarshe, domin kuwa zancen ya shafi kuɗin da muke zubar da gumi mu samu a nan Kurmi, ya kuma shafi 'ya'yan da muka baro a gida.

Da Ƙaramar Sallar da ta wuce na tashi daga Agege na nufi garinmu Agyaragu, wanda ke kan hanyar Lafiya zuwa Makurɗi, a Jihar Nasarawa. Duk wanda ya taɓa harkar doya ya san garin da kasuwarsa. Kafin in tashi na biya wata kasuwa a nan Ikko na sayi motar nan ta batir da ake tuƙawa da rimot, ja wur, tana ta ƙyalli, don in kai wa ɗan ƙanena tsaraba. Ranar Salla yaro ya zama sarki a unguwa, yara na biye da shi duu. Ran nan da kashegari mota ta yi aiki. A rana ta uku yashi ya shiga cikinta, haƙoran giyarta na roba suka cinye, sai ka ji inji yana kuka amma taya ba ta motsi. Na juya ta sama da ƙasa ina neman inda zan kwance, na tarar an like cikinta ne da gam, ba a yi ta don a buɗe ba. Ko da an buɗe ma, wa ke sayar da giyarta? Aka jefar da ita bayan ɗaki, yaro ya sha kukansa ya haƙura. Araha dai ba ta ado.

Bayan kwana biyu ina zaune ƙofar gida sai na ji ihun yara. Ashe wani yaron maƙwabtanmu, wanda bai fi shekara goma sha biyu ba, shi ya tsince ta. Ya fasa ta da wuƙa, ya zare ɗan injin da faifan da ke karɓar umurnin rimot, ya ɗora su a kan motarsa ta langa-langa. Ya yanko tayoyi manya daga tsohon silifa, ya ɗaura zaren roba daga injin zuwa ƙarfen tayar baya a maimakon giyar da ta lalace. Ba ta da kyan gani ko kaɗan, amma tana keta yashin da tawa ta kasa shiga, saboda tayoyinta sun fi tsawo kuma cikinta ya yi nesa da ƙasa. Na tambaye shi wa ya koya masa, ya ce, "Kawu, gwadawa na yi ta yi." A nan ne na gane cewa tsarabata ba ta yi amfani ba sai da ta mutu.

Mu da muka taso a ƙauye mun san motar kara, da ta gwangwanin madara, da ta langa-langa mai doguwar waya da ake murzawa kamar sitiyari. Ba wanda ya saya mana. Yaro zai wuni yana lanƙwasa ƙarfe, in taya ta karkace ya san dalili, in gaba ya ƙi juyawa ya sake dabara. Da yawa daga cikin kanikawa da masu walda da ke cin abinci yau a Ikko da Badun da Anacha, a nan hannunsu ya fara faɗawa. Yanzu abin yana ja da baya, kuma in za mu faɗi gaskiya, mu mazauna Kurmi muna da hannu a ciki. Mu ne muke zuwa da Salla da kayan roba masu walƙiya, yaron da ya ƙera tasa ya ji kunyar fito da ita, alhali kuwa tasa ce mai daraja.

Kada a ɗauka ina ƙyamar motar rimot ne. Ko kusa. Abin da nake cewa shi ne mun ɗauko ɓawon abin mun bar ƙwayar. A ƙasashen da wasan nan ya kafu, manya masu gemu ne suke yinsa tare da 'ya'yansu, kuma gyaran ya fi tseren yawa. Wani kamfanin Japan mai suna Tamiya ya fitar da motarsa ta rimot ta farko a 1976, sa'an nan a 1979 ya fito da wata mai suna Rough Rider, wadda aka yi ta musamman don burji da yashi da gargada. A 1984 wani kamfanin Amurka, Team Associated, ya fito da RC10, mai gindin ƙarfen alminiyam, wadda ta zama abin koyi ga masu tsere. An kafa ƙungiyar duniya ta wannan wasa, watau IFMAR, a 1979, aka kuma yi gasar duniya ta farko ta irin waɗannan motoci masu batir a Kalifoniya a 1985. Gasar ta taɓa zuwa nahiyarmu, domin an yi ta a Pretoria ta Afirka ta Kudu a 2002. Akwai ma wani mutumin Japan, Masami Hirosaka, wanda ya ci kambin duniya har sau 14.

Abin lura a nan shi ne yadda ake sayar da motocin. Da yawansu a warwatse suke zuwa cikin kwali, ɗaruruwan ƙananan sassa da noti da takardar bayani, mai saye shi zai zauna ya haɗa da hannunsa. Kowane sashi yana da lambarsa, in ya karye sai a sayi shi kaɗai a sauya. Girman motar kashi ɗaya ne cikin goma na babbar mota, tsawonta bai kai kamu guda ba, amma ta tsere tana iya wuce kilomita 50 a awa. Kuma kusan duk abin da ke cikin babbar mota akwai ƙaraminsa a cikinta. Akwai shokozoba guda huɗu masu sifirin da mai a ciki, in ƙasa mai gargada ce a sa mai marar kauri, in mai tsalle ce a ƙara kauri. Akwai giyar nan da ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu a kan kwana. Akwai ɗan injin da ke juya sitiyari, da na'urar da ke auna wutar da za ta tafi babban injin. Wasu manyan ma ba batir ke tafiyar da su ba, ɗan inji ne mai fistin da kafireta, mai shan wani irin mai na musamman.

Tseren masu batir yawanci minti biyar ne kacal. Amma kafin minti biyar ɗin nan mutum ya shafe awoyi yana kwancewa, yana goge ƙura, yana sa giris, yana duba notin da ya saki, yana sauya taya gwargwadon irin ƙasar filin. Wanda ya fi kuɗi ba lalle ne ya ci ba, wanda ya fi sanin cikin motarsa shi ne da nasara. To, jama'a, in wannan ba makarantar kanikanci ba ce, mece ce? Yaron maƙwabtanmu na Agyaragu bai taɓa jin sunan IFMAR ba, amma da ya ƙara tsawon taya don yashi, aikin da zakarun duniya ke yi shi ya yi.

Na san akwai masu ja, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Wani zai ce irin waɗannan motoci na ƙwarai kuɗinsu ya fi ƙarfin mai tura baro ko mai sayar da goro. Gaskiya ne, kuma ni ban ce kowa ya sayo ta Japan ba. Injin da yaron nan yake bukata yana cikin matacciyar rediyo mai kaset, da tsohon DVD, da fankar hannu mai caji. Su wa ke tattara waɗannan kaya a Kudu in ba 'yan'uwanmu 'yan gwangwan ba? Kullum suna fasa su, suna sayarwa a kan sikeli a matsayin ƙarfe da tagulla. In kowannensu ya ware 'yan injuna biyar ya sa a jaka ranar tafiya gida, ya yi tsarabar da ta fi tawa nesa ba kusa ba.

Wani kuma zai ce wasa ne zai hana yaro karatu, boko da allo. Ni a nawa ganin, yaron da ke ƙofar gida yana fama da waya da filaya ya fi kwanciyar rai a kan wanda ba a san inda ya shiga ba, ko wanda ya duƙufa a kan wayar salula tun safe. Kuma lissafin da yake gudu a aji, a nan zai neme shi da kansa, ranar da ya so ya san dalilin da ƙaramar giya ke ba da ƙarfi babba kuma ta ba da gudu. Iyaka dai a tsara masa lokaci, in an kira salla ko lokacin makaranta ya yi, a ajiye mota.

Mu duba abin da irin wannan sha'awa ta haifar a cikinmu. Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, ya fara ne da zanen motoci a takarda tun yana yaro, ya je ya yi aiki da kamfanin General Motors a Amurka, shi ya zana siffar motar lantarki ta Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, daga baya ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasar nan daga 2017 zuwa 2023. A 2007 ɗin ne kuma wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur, har ya ɗaga daga ƙasa. Tun 1975 aka buɗe kamfanin haɗa Peugeot a Kaduna da na Volkswagen a Ikko, amma har yau galibin motocin da muke hawa daga waje ake kawo su. Ƙasa ba ta koyon ƙira da buɗe masana'anta kaɗai, sai da hannuwan da suka saba da kwancewa da ɗaurawa tun suna ƙanana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wani abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batir. Batirin da ke tafiyar da motocin tseren yau, da wayoyinmu, da motocin lantarki, da ma'adinin litiyam ake yinsa. Wannan ma'adini kuwa ana haƙo shi a jiharmu ta Nasarawa, har an buɗe masana'antar sarrafa dutsensa a ƙaramar hukumar Nasarawa a watan Mayun 2024. Watau dutse ya fita daga ƙasarmu, ya tsallaka teku, ya dawo mana a cikin abin wasan da ɗanmu bai da ikon buɗewa. Shin haka za mu zauna, namu haƙa da dako, na wasu ƙira?

Saboda haka ga shawarata. Na farko, duk wanda zai sayi motar rimot ya juya cikinta ya duba. In da noti aka ɗaure ta, batirinta kuma ana iya cirewa a sauya, to, madalla. In a like take, ya bar musu kayansu. Na biyu, a haɗa wa yaro da sukudireba da filaya da 'yar waya, in da hali har da ƙarfen like dalma, a kuma gaya masa cewa in ta lalace ba duka, buɗewa zai yi. Da yawanmu mun sha bulala don mun kwance rediyon gida, wannan bulala kuwa ta kashe kanikawa da injiniyoyi ba adadi. 'Ya'ya mata ma kada a ware su, hannu hannu ne.

Na uku, ƙungiyoyinmu na 'yan gari ɗaya da ke taro a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu, waɗanda suka saba tara kuɗi don gasar ƙwallo da Salla, su ware ɗan wani abu don tseren motocin yara. Ba a bukatar filin kirki. A nemi izinin hedimasta da mai unguwa, a shata hanya mai kwana-kwana a filin firamare da tsofaffin tayoyi, a tara ƙasa a yi tudu biyu, shi ke nan. A raba gida biyu, masu batir da masu turawa da waya, don kada ɗan talaka ya koma ɗan kallo. Sharaɗi guda ne: ba mai shiga sai da motar da ya ƙera ko ya gyara da hannunsa, kuma alƙalai su kasance kanikawan gari, su sa yaro ya yi bayanin abin da ya yi. Kyautar kuma ta zama kayan aiki.

Na huɗu, jan kunne ne. Batirin litiyam ba abin wasa ba ne. Ba a huda shi, ba a jefa shi a wuta, ba a barinsa a rana ko a kan katifa yana caji ba kowa kusa. In ya kumbura, ya tashi aiki, a raba yaro da shi, domin yana iya kamawa da wuta. Wannan aikin manya ne su sa ido.

Ni dai na riga na yi wa yaron nan alkawari. In Allah ya kai mu Babbar Salla, ba mota zan kai ba. Sukudireba ne da filaya, da injuna uku da wani ɗan gwangwan a unguwarmu ya cire mini daga tsofaffin rediyoyi, ya kuma ƙi karɓar ko kwabo da ya ji abin da za a yi da su. Shi da ɗan ƙanena su raba, mu ga wanda tasa za ta riga zuwa bakin kasuwa.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a neman da muke yi, ya maishe mu gida lafiya. Haza wasalam.