Masu saida Kanada a WhatsApp, ku ji tsoron Allah



Sati uku ke nan wata murya tana yawo a gurup-gurup: wai Kanada ta buɗe ƙauyukanta ga masu jin Faransanci, a kawo fasfo da miliyan biyu na sefa, cikin wata shida mutum ya samu takardar zama ta dindindin. Bayan shirinmu na Lahadi wani dattijo ya kira mu, yana tambaya ko ya saida gonar gado don ɗansa mai BAC ya shiga layi. Munka ce masa: Baba, dakata tukuna.

Ƙaryar nan tana da daɗin ji ne don an gina ta bisa gaskiya. Baƙi in sun sauka Kanada, Toronto da Montreal da Vancouver suke cika, ƙananan garuruwa kuwa tsofaffi sun yi yawa, ma'aikata sun yi kaɗan. Shi ya sa tun 1998, daga jahar Manitoba, anka ba jahohi damar zaɓen baƙin da suke buƙata. A 2017 jahohi huɗu na bakin tekun Atlantika sunka samu nasu shiri. A Janairun 2025 anka buɗe wasu biyu: ɗaya na garuruwan karkara 14, ɗaya na yankuna 6 masu neman masu Faransanci a wajen Kebek, irin su Sudbury da Timmins a jahar Ontario. Wannan na biyun shi ne ƴan kamasho suke kaɗawa a fuskar yaranmu.

To, ga abin da ba su faɗi. Ba a shiga shirin sai da tayin aiki daga wani kamfani na garin, kuma kamfanin da hukuma ta tantance. Sai ka nuna ka yi aiki na shekara guda cikin shekaru ukun baya, aiki mai shaida, ba “ina taya kawuna a shago” ba. Sai ka zauna jarrabawar TEF ko TCF, ka ci ji da magana da karatu da rubutu. Mu da munka yi lakwal mun san mutum yana iya zuba Faransanci a fada kamar ɗan Paris, a miƙa masa alƙalami ya hau zufa. Sai a aika diflom ɗinka a auna ta da tasu. Sai likita ya duba ka, a binciki ko kana da laifi, ka kuma nuna kuɗin da za ka ci kafin albashi. A cikin duk wannan, ina wurin da miliyan biyun ɗan kamasho za ta yi aiki?

Wani zai ce ai shi ne zai samo maka kamfanin. Dokokin shirin sun hana mai ɗaukar aiki ya karɓi kuɗi hannun wanda zai ɗauka. Kuma ba kowa ke da izinin karɓar lada don cika wa mutum dosiye ba, sai lauya na can ko mai lasisi daga hukumar da ake kira CICC, wadda sunayen mutanenta suke a intanet, kowa na iya dubawa. In anka kama takardar jabu a dosiyenka, kai za a hana shiga ƙasar shekara 5. Shi kuwa ya canza lamba, ya buɗe sabon gurup.

Alhazan kasuwa, ku ma an fara zagayo ku da zancen “bizar ƴan kasuwa”. Akwai ta. A jahar British Columbia, tsarin ƙananan garuruwa yana neman dukiya ta dala 300,000 ta Kanada, ka zuba aƙalla 100,000 cikin sana'a, wato wajen miliyan 40 na sefa. Kuma ba takardar dindindin za a fara ba ka ba. Izinin aiki ne, ka je ka zauna a garin, ka riƙe sana'ar da kanka, ka ɗauki ɗan ƙasa aiki, sannan a duba. Wanda bai iya barin shagonsa na kasuwar Dole ko kwana uku, ya yi lissafi.

Wai “ƙofa a buɗe take, ku yi sauri”. A Oktoban 2024 gwamnatin Kanada ta rage yawan waɗanda za ta ba zama a 2025 daga 500,000 zuwa 395,000, kason jahohi kuma ta raba shi biyu, daga 110,000 ya koma 55,000. Gaskiya ne tana ƙara neman masu Faransanci, amma layin da kake ciki akwai ɗan Kamaru da ɗan Maroko da ɗan Kodibuwa, kowa riƙe da diflom.

Ba mu ce kada kowa ya tafi ba. Ungozoma ko injiniya ko mai walda da ya cika sharuɗɗa, ya bi shafin hukumar shige da fice ta Kanada da kansa, bayanin kyauta ne, da Faransanci. Ko da yake, mu faɗa ko da ɗaci: ƙasa mai arziki ta zo tana tsince ma'aikatan jinya da talakan Nijar ya karantar, alhali a wani CSI na karkara mutum ɗaya ke duba garuruwa da yawa. Wannan shiri ne na wata rana, kuma za mu yi shi.

Dattijon ya sake kira jiya. Ya ce ya tambayi mutumin lambar lasisinsa da sunan kamfanin da zai ɗauki yaron, sai ya ce masa sirri ne na aiki, in bai kawo rabin kuɗi kafin Juma'a ba za a ba wani gurbin. Duk wanda anka aiko wa irin wannan murya, ya turo mana ita. Lahadi mai zuwa za mu sa su a iska ɗaya bayan ɗaya, mun kuma tanadi kujera a situdiyo ga duk ɗan kamashon da ke da amsa.