Fiyano Ya Zama Kabad, To Tambari Fa?

A Turai da Amurka wata sana'a ta samu kasuwa a 'yan shekarun nan: a ɗauko tsohon fiyano, a kwashe kayan cikinsa, a jera masa kantoci da fitilu, a mai da shi ma'ajiyar kwalaben giya a falo. Masoya kiɗa na ganin abin tamkar yanka dokin sukuwa ne don a ci nama. Sai dai wanda ya san ƙirar fiyano zai yi wa kafintan uzuri.

Tun da Bartolomeo Cristofori ya ƙago shi a Italiya wajen 1700, fiyano na'ura ce mai wuyar sha'ani. Na zamani yana da maɓallai 88 da tsirkiyar ƙarfe kusan 230, waɗanda jimillar jansu ta kai tan 18 ko fiye, shi ya sa ake ɗaure su a jikin firam na zubabben ƙarfe. Da zarar katakon da ke riƙe da kusoshin ɗaurin ya saki, sauti ya daina tsayawa, kuma kuɗin gyara yakan zarce darajar fiyanon. Kwance tsirkiyar ma ba aikin gaggawa ba ne. Wadda aka datse tana a ɗaure tana iya tsaga fuskar mutum.

A ƙaddara ɗaya daga cikinsu ya biyo kayan gwanjon Kwatano, ya ƙetaro iyakar Binin, ya sauka a Kende ta ƙaramar hukumar Bagudo. Damina za ta kumbura katakonsa, hunturu ya busar da shi ya tsage, kuma mai saita sautinsa sai an yi doguwar tafiya. Ba mai neman mashaya a falo a jihar da ke bin Shari'a, amma kafintan da ya mai da shi kabad na fulas da kofunan shayi bai yi ɓarna ba. An ƙera fiyano miliyoyi, zanensa na rubuce, kuma Steinway da Yamaha ba su daina ƙerawa ba. Mutuwar guda ɗaya ba ta tafiya da ilimin kowa.

Abin damuwa shi ne ɗabi'ar ta fi fiyanon saurin tafiya. Idon da ya koyi ganin kabad a jikin fiyano zai ga tebur a jikin tambari, ya ga gindin fitila a jikin kalangu, ya ga benci a jikin tsohon kwalekwalen Sarkawa da ke kife a bakin Kwara. Masu kuɗin yin wannan ado kuwa su ne 'yan boko mazauna Birnin Kebbi da Abuja, waɗanda ke jin cewa girmama al'ada suke yi.

A nan lissafin ya sha bamban. Kwalekwalen da aka sassaƙa daga gungumen maɗaci guda ba shi da zane a takarda. Kaurin cikinsa da lanƙwasar goshinsa su ne littafin, kuma da ido da tafin hannu ɗan koyo ke karanta su. Manyan itatuwan da ake sassaƙa irinsa sai ƙara wuyar samu suke yi. Haka kalangu: sirrin muryarsa na cikin faɗin ramin da aka rarake da tsukewar ƙugunsa. Fata da tsirkiya suna mutuwa a sake su, amma icen yakan ga jikoki. Gangar da fatarta ta yage shiru kawai ta yi. Wadda aka huda aka zura mata wayar lantarki ita ce ta mutu. Tambari kuwa ya wuce kayan kiɗa, alamar sarauta ce, kuma ba kowa ake buga wa ba.

Za a ce, ai gara ya zama tebur da gara ta cinye shi a zaure. Akwai gaskiya a ciki, musamman ga magajin da ke bukatar kuɗin taki. Amma tsakanin gara da zarto akwai hanya ta uku mai araha: a kai wa masassaƙi ko makaɗi ya duba tukuna. In ya ce icen na da sauran rai, a saya a ɗaura masa sabuwar fata, a bar shi a hannun mai bugawa. In ya ce ya ƙare, a auna shi, a ɗauki hotonsa, a rubuta sunan wanda ya sassaƙa da garinsu, sannan a kira kafinta.