Daga Algarabía Zuwa Gwaranci

Idan kasuwa ta kaure da hayaniya, kowa na magana babu mai jin wani, mutanen Sifen sukan ce ana algarabía. Abin mamaki, daga al-arabiyya kalmar ta fito, wato Larabci. Tushenta ɗaya da Arab, Arabic da arabesque na Ingilishi, har ma da kalmarmu ta Larabci. Waɗannan duk ba su ɗauki ma'anar raini ba, ita kuwa ta Sifen ta koma nufin hargitsi. Yaya aka yi haka?

Musulmi sun shiga Andalus a shekarar 711, Larabci ya zama harshen mulki da ilimi a can. A 1492 Garnada, daularsu ta ƙarshe, ta faɗi. A 1567 Sarki Filib na Biyu ya haramta magana da Larabci, daga 1609 kuma aka fara korar jikokin Musulmin daga ƙasar. Harshen da Ibn Rushd ya rubuta littattafansa da shi, a kunnen wanda bai iya ba, ya zama surutu kawai.

Kada mai karatu ya ɗauka mutanen Sifen kaɗai ke da wannan hali. Larabawan Andalus ma al-ajamiyya suke kiran harshen maƙwabtansu, wato maganar da ba ta fita sosai, kuma dangin kalmar ne Ajaminmu. Girkawa kuwa barbaros suke ce wa baƙo, don "bar-bar" suke ji in yana magana. Daga nan Ingilishi ya samu barbarian.

To, masu iya magana sun ce laifi tudu ne. Ni da ba a haife ni cikin Hausa ba, ranar da na ce "rigar ya yage" aka fashe da dariya, aka ce ina gwaranci. Daga baya na gane sunan al'umma guda ne, Gwari, wato Gbagyi, aka mayar sunan gurɓatacciyar magana.

A ra'ayina, mu ɗaliban harshe ya kamata mu fara barin wannan kalma. A gyara wa mai koyo kuskurensa, a ce masa "rigar ta yage", amma a bar sunan mutane ya huta. Hausa ba ta bunƙasa ba sai da baƙi suka ɗauke ta. Allah Ya sa mu gyara.