Wa Ya Kamata Ya Yi Hattara, Mutum ko Inji?

Idan inji ya raunata mutum a ƙasar Hausa, abu biyu ake faɗa. Wasu su ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Wasu kuma su ce ai shi ne bai yi hankali ba. Ba kasafai ake waiwayar injin a tambayi yadda aka ƙera shi ko aka girka shi ba. A ganina, nan ne babban giɓin yake, domin hattarar ɗan Adam tana da iyaka. Mutum yakan gaji, yakan yi gyangyaɗi, wani ya kira sunansa ya juya. Injin da ba ya yafe kuskuren daƙiƙa ɗaya bai cancanci a ajiye shi a tsakiyar jama'a ba.

Ƙasashen da suka yi nisa a masana'antu da jini suka sayi wannan darasi. A shekarar 1961 aka fara sa mutum-mutumin inji, wato hannun ƙarfe mai sarrafa kansa, aiki a kamfanin motoci na General Motors a Amurka. A 1979 irin wannan inji ya kashe wani ma'aikaci a masana'antar Ford da ke jihar Mishigan, lokacin da ya shiga rumbun kaya don ɗauko wasu sassa da hannunsa. Maganin da aka daɗe ana dogaro da shi shi ne keji: a kewaye injin da shingen ƙarfe, a haɗa ƙofar da wuta ta yadda da zarar an buɗe ta injin zai tsaya. Sai dai keji wanda ke waje kawai yake karewa. A 2015, a masana'antar Volkswagen da ke Baunatal a Jamus, wani matashi ya rasa ransa yana cikin kejin, a daidai lokacin da yake aikin girka injin.

Da aka zo ƙera injinan da za su yi aiki kafaɗa da kafaɗa da mutane ba tare da shinge ba, sai injiniyoyi suka ɗora wa injin nauyin yin hattara. Ana sa masa na'urar da ke auna tazarar da ke tsakaninsa da mutum: idan mutum ya matso ya rage gudu, idan ya ƙara matsowa ya tsaya cak. Wani kuma ana taƙaita ƙarfinsa tun daga ƙira, ta yadda ko ya taɓa jikin mutum zai ji ya ci karo da wani abu, ya dakata. Hasali ma, a 2016 hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, ISO, ta fitar da ƙa'ida da ta fayyace iyakar matsin da kowane sashe na jiki zai iya ɗauka, domin abin da tafin hannu zai jure, fuska ba za ta jure ba.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan mutumin Indabo da wannan, alhali ba shi da mutum-mutumi? Amma ai a Indabo, kamar sauran ƙauyukan ƙasar Wudil, an daɗe mutum da inji suna zaune a rumfa ɗaya. Dubi injin niƙa. Bel ɗinsa yana juyawa a fili, ba murfi, a ɗakin da bai wuce taku kaɗan ba, ga garin hatsi ya sa ƙasa santsi, ga ƙarar da ba ta bari a ji kira. Su wa ke tsaye a gefensa? Yara mata da aka aiko da ƙwarya ko roba, sanye da hijabi ko mayafi da iska ke kaɗawa. Da kaka kuma sai injin sussuka ya shigo gona, samari suna tura masa zangarniya da hannu tun safe har rana ta yi tsaka. Wannan injin ya fi mutum-mutumin Jamus haɗari ta wata fuska, don ba ya gani, ba ya ji, kuma ba shi da maɓallin da ɗan kallo zai danna ya tsayar da shi.

Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ta wajabta a killace duk wani sashen inji mai haɗari. Ko a Sharaɗa da Bompai da Chalawa sai an sa ido kafin a bi ta, balle rumfar niƙa da ke bayan gari. Masu injin ma suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce: bel yana yawan zamewa, idan an rufe shi da murfi mai ƙusoshi, kwancewa da ɗaurawa za su cinye lokacin aiki. Wannan matsalar ƙira ce, ba dalilin barin bel tsirara ba. Murfin raga mai buɗewa kamar ƙyaure, mai walda a Wudil zai iya haɗa shi cikin yini guda. Ga kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha da aka buɗe a Wudil a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Dangote a 2022. Da ɗalibanta na injiniya za su ɗauki injin niƙa a matsayin aikin kammala karatu, su ƙera masa murfi da hannun kashewa da ke kusa da mai aiki, da maƙwabtansu sun amfana kafin a kai ga zancen mutum-mutumi.

Malamin Hausa yana da nasa rabon, ko da yake ba ya riƙe sifana. Shi ne ke koyar da sana'o'in gargajiya da na zamani, kuma a ajinsa yaran da ake aike niƙa suke zaune. Idan ya zo darasin rubutun bayani, zai iya sa su siffanta injin unguwarsu: ina bel yake, taku nawa ne tsakaninsa da inda suke ajiye ƙwarya, da me ake kashe shi, kuma wa ke iya kai hannu wurin idan mai injin ya fita alwala.